Kama Da Wane Ba Ta Wane: Yadda Ake Gane Lambar Yaƙin Jamus Ta Gaske Da Ta Jabu

  Yau za mu leƙa Jamus ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira Yaƙin Hitila, mu duba wani ɗan ƙarfe da bai cika tafin hannu ba, amma ya daɗe yana raba mutane da kuɗinsu, yana kuma zubar wa masana da mutunci. Muna nufin lambobin yabo da bajo-bajon da gwamnatin Nazi ta riƙa maƙala wa sojojinta a ƙirji daga 1939 zuwa 1945.

Kimanin shekara 80 ke nan da ƙarewar yaƙin, amma har gobe kasuwar waɗannan lambobi tana ci a Turai da Amurka. Gidajen tarihi na nemansu, masu tara kayan da na nemansu, 'yan gwanjo na buga musu farashi. Kasuwa ce kuma da jabu ya yi wa katutu. Tambayarmu ita ce: idan aka ajiye lamba ɗaya a gaban masani, da me yake yanke hukuncin cewa ta ga yaƙi, ko kuwa jiya aka zuba ta a bayan gida? Amsar ta shafe mu, domin hanyar da yake bi ita ce ya kamata duk mai rubuta tarihi ya bi kafin ya ɗora alƙalami.

Tun da wuri mu faɗa: waɗannan lambobi na gwamnatin da ta hallaka Yahudawa miliyan shida ne, ta kuma yi wa 'ya'yan baƙar fata na yankin Rhine aikin hana haihuwa da ƙarfin tsiya a 1937. Nazarinsu nazarin shaida ne, kamar yadda alƙali ke duba wuƙar da aka yi kisa da ita. A Jamus ta yau ma, sashe na 86a na dokar laifuffuka ya hana baje alamar Nazi a bainar jama'a, sai don ilimi ko bincike ko makamancinsu.

ASALIN GICCIYEN ƘARFE

Lambar da ta fi suna ita ce Gicciyen Ƙarfe, wadda Jamusawa ke kira Eisernes Kreuz. Ta girmi Hitila nesa ba kusa ba. Sarkin Furushiya Friedrich Wilhelm na Uku ne ya ƙirƙiro ta a watan Maris na 1813, lokacin da ƙasarsa ke yaƙin ƙwatar kai daga Nafoliyon na Faransa, kuma maginin nan Karl Friedrich Schinkel ne ya daidaita fasalinta. Da gangan aka zaɓi baƙin ƙarfe aka bar zinariya, don a nuna zamani ne na tsanani. An sake farfaɗo da ita a yaƙin 1870, aka sake a 1914, sannan Hitila ya dawo da ita ranar 1 ga Satumba 1939, ranar da sojojinsa suka afka wa Folan.

Ta 1939 tana da alamar suwastika a tsakiya da shekarar 1939 a ƙasa. Mai daraja ta biyu ana rataya ta da ƙyalle mai launin baƙi da fari da ja, a bayanta an rubuta 1813. Mai daraja ta ɗaya bayanta sumul yake, da fil ake maƙala ta a riga. Sama da su akwai Gicciyen Barade, wanda ake ratayawa a wuya. Mai daraja ta biyu an raba miliyoyi, shi kuwa na Barade mutum kusan 7,300 kacal suka samu. Wannan tazara ita ta sa na Barade yake kai dubban daloli a kasuwa, ita ce kuma ta sa 'yan jabu suka fi yi masa rubdugu.

Ba ita kaɗai ba ce. Akwai bajon farmaki na sojan ƙasa da aka kafa ranar 20 ga Disamba 1939, wanda ake bai wa wanda ya shiga farmaki uku a ranaku uku daban-daban. Akwai bajon rauni: baƙi ga wanda aka ji wa ciwo sau ɗaya ko biyu, mai ruwan azurfa ga sau uku ko huɗu, mai ruwan zinariya ga sau biyar ko fiye. Kowannensu yana da jabunsa.

TSAKANIN GASKE DA JABU AKWAI MATAKAI

Mai kallo daga nesa zai ɗauka gida biyu ne kawai, na gaske da na jabu. Tarihin abin ya fi haka rassa.

Akwai lambar da gwamnati ta saya daga kamfani ta bai wa soja. Ofishin fadar shugaban ƙasa a Balin ne ke kula da wannan, ya kuma bai wa kamfanoni lambobin shaida: Deschler na Munich 1, Juncker na Balin 2, Steinhauer da Lück na Lüdenscheid 4, Klein da Quenzer 65. Akwai kuma wadda sojan da aka riga aka karrama ya saya da kuɗinsa a kanti, don ya adana ta asalin. A 1941 aka kafa ƙungiyar masu ƙera lambobi, LDO, don ta sa ido kan ingancin irin wannan, kuma hatiminta yana farawa da harafin L, kamar L/12 na Juncker. Duka biyun nan na zamanin yaƙi ne.

Da Jamus ta faɗi a watan Mayu na 1945, sojojin Amurka da na Birtaniya suka cika ƙasar suna neman tsaraba. Jamusawa kuwa na fama da yunwa, taba sigari ta zama kuɗi. A garuruwan masana'antu irin su Lüdenscheid akwai ragowar kayan da ba a harhaɗa ba, sai aka riƙa harhaɗa su ana musaya. To wannan lamba, da ma'aikatan asali suka haɗa da kayan asali amma bayan yaƙi, a wane gida za mu sa ta? Kamfanin Rudolf Souval na Biyana, wanda ya yi aiki lokacin yaƙi da hatimin L/58, ya ci gaba da buga lambobi shekaru bayan yaƙin, har ya zama ganin hatiminsa kaɗai ba ya gaya wa mutum shekarar da aka yi abu.

Ranar 26 ga Yuli 1957 Jamus ta Yamma ta yi dokar da ta yarje wa tsofaffin sojoji su sa lambobinsu, da sharaɗin a cire suwastika. Aka buga sabon Gicciyen Ƙarfe mai ganyen itacen ok uku a tsakiya. Wannan halastacce ne, amma bai ga yaƙi ba. Sai kwafin da ake yi don fim da wasan kwaikwayo, wanda mai yin sa bai ɓoye komai ba, sai dai idan ya shiga hannu na uku a tsofar da shi a sayar a matsayin na da. Sai jabu tsantsa, wanda tun daga maƙera an yi shi ne don cuta. Na ƙarshe shi ne mafi wuyar kamawa: abu na gaske da aka yi wa kwaskwarima, kamar a ɗauki gicciye mai daraja ta biyu a sauya masa zobe a ce na Barade ne, ko a buga wa lamba marar hatimi hatimin kamfani mai tsada.

Saboda haka masani ba ya tsayawa a kan tambayar "na gaske ne?" Yana tambaya: wa ya yi shi, da wane kayan aiki, a wace shekara?

ABIN DA ƘARFE KE FAƊA

Gwajin farko shi ne ƙira. Gicciyen Ƙarfe na 1939 yawanci gida uku ne: baƙin ƙarfe a tsakiya wanda aka shafa wa baƙin fenti, da firam biyu, na gaba da na baya, da aka haɗa bakinsu da wuta suka rungume shi. Firam ɗin galibi gauraye ne na jan ƙarfe da nikel da tutiya, mai hasken azurfa alhali babu azurfa a cikinsa. Na Barade ne ake yi wa firam na azurfa, a buga masa 800. Idan aka duba gefen na gaske za a ga siririn layin haɗin. Jabu mai araha kuwa dunƙule ɗaya ake zuba shi, a shafa baƙin fenti a tsakiya, har wani lokaci fentin ya hau kan firam.

Na biyu, maganaɗisu. Tunda tsakiyar ƙarfe ce, ya kamata ta kama. Amma a nan ake yi wa sabon shiga tarko, domin akwai na gaske 'yan kaɗan da aka yi tsakiyarsu da tagulla, ba sa kamawa, kuma 'yan jabu sun daɗe da koyon sa ƙarfe a nasu. Maganaɗisu na iya tayar da shakka, ba ya iya kashe ta.

Na uku, bambancin bugu da zubi, kuma duk wanda ya taɓa zama wurin maƙeran fari zai gane wannan da sauri. Manyan kamfanonin Jamus da injin matsi suke aiki: a sassaƙa siffar a jikin ƙarfe mai tauri, a sa falle a tsakani, inji ya danna da nauyi mai yawa, kamar yadda ake buga kwabo. Abin da ya fito zanensa kaifi ne, a gefensa kuma akan ga sawun yanka. Ɗan jabu ba shi da wannan ƙarfen bugu, sai ya ɗauki lamba ta gaske ya yi mazubi da ita ya zuba narkakken ƙarfe. Ƙarfe idan ya huce yakan ɗan tsuke, don haka kwafin yakan gaza na asali da ɗan kaɗan, zanensa ya dushe, a sami ƙananan ramuka inda iska ta maƙale. Shi ya sa masani ba ya rabuwa da sikeli da ma'aunin milimita da gilashin ƙara girma. Faɗin mai daraja ta biyu kimanin milimita 44 ne, na Barade kimanin 48, kuma wannan tazara kaɗai ta isa ta tona asirin wanda aka sauya wa zobe. Sai dai a kula, akwai bajon da kamfanonin suka yi da zubin inji a lokacin yaƙin, don haka dole a san yadda kowane kamfani ya yi nasa.

Na huɗu, irin ƙarfen da zamaninsa. A farkon yaƙi da gaurayen tagulla mai kyau ake yin bajo. Da yaƙi ya yi tsawo, aka karkatar da jan ƙarfe zuwa harsashi da wayoyi, sai aka koma tutiya. Tutiya kuwa tana shanye ruwan azurfa ko na zinariya da aka shafa mata, bayan shekaru ta koma toka-toka, wani lokaci ta yi ƙuraje. Bajon tutiya da ke walƙiya kamar yau aka fito da shi daga kanti yana buƙatar bayani. Haka tsufa ma yana da tsari. Lambar da aka sa a riga tana gogewa ne a wuraren da suka taso, lungunan su riƙe launinsu. Tsufan da aka yi da sinadari ko da binnewa a ƙasa yakan bi ko'ina bai ɗaya, ko ya taru inda hannu da tufa ba sa kaiwa.

Na biyar, ƙyallen. Bayan yaƙi ne masana'antu suka yawaita sa sinadarin ƙara haske a zare da takarda. Idan aka haska irin fitilar nan mai ruwan shuɗi da ake gane jabun takardar kuɗi da ita, farin zaren zamani yakan yi ƙyalli. Amma tsohon ƙyallen da aka wanke da omo shi ma zai yi ƙyalli, kuma ana iya ɗaura tsohon ƙyalle a sabuwar lamba.

Hatimin kamfani fa? Shi ne abin da sabon mai saye ke fara dubawa, shi ne kuma mafi sauƙin ƙirƙira. Lambobi na gaske da yawa ba su da hatimi ko kaɗan.

Gwajin da ya fi ƙarfi shi ne aibin ƙarfen bugu. Kowane ƙarfen bugu da hannu aka sassaƙa shi, yana da 'yan kurakuransa, kuma da ya daɗe yana aiki sai ya fara tsagewa. Duk lambar da aka buga da shi za ta fito da wannan tabo a wuri ɗaya, tabon kuma yana ƙaruwa da shekaru. Da haka masu bincike suka jera gicciyen Barade na kamfanin Steinhauer da Lück daki-daki, suna bin tabon da ke jikin firam, domin kamfanin ya ci gaba da aiki bayan yaƙi har ya buga samfurin 1957. Abin da ke tabbatar da na gaske, ashe, aibinsa ne. Ɗan jabu yana kwaikwayon kyau, amma da wuya ya san tabon da ya dace da kowace shekara.

Babu ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan da ke tsayawa shi kaɗai. Sai sun haɗu sun yi magana da murya ɗaya. Idan guda ya saɓa, shi ake bi har a gano dalili.

LABARI YA FI ƘARFE SAUƘIN ƘERAWA

Kusan kowace lamba da labarinta take zuwa kasuwa: wani tsohon soja ne ya ciro ta daga ƙirjin hafsa, an tsince ta a rufin wani gida. Masu wannan harka suna gargaɗin juna cewa kayan ake saye, labari kyauta ne. Wanda ya fi kowa nuna gaskiyar haka shi ne Konrad Kujau.

Kujau dillalin kayan soja ne a Stuttgart. Ya gano cewa 'yar takarda na ninka farashin kaya, sai ya riƙa ɗaukar abu na gaske, kamar hular kwano ta Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya rubuta mata shaidar ƙarya cewa Hitila ne ya sa ta. Da ya ga ana saye, sai ya zarce ya rubuta littattafai kusan 60 ya ce kundin sirrin Hitila ne, wai an tsamo su daga jirgin saman da ya faɗi kusa da Dresden a watan Afrilu na 1945. Jirgin kuwa da gaske ya faɗi, a kan wannan gaskiyar ya gina ƙaryarsa. Mujallar Stern ta biya mak miliyan 9.3 ta hannun wakilinta Gerd Heidemann, ta yi shela ga duniya a watan Afrilu na 1983. Babban masanin tarihin Ingila Hugh Trevor-Roper ya fara cewa na gaske ne, kafin ya janye.

Ga inda darasin yake. An kai wa masana rubutun hannu shafuka don su gwada da wasu takardun da aka ce na Hitila ne, suka ce hannu ɗaya ne. Ba su yi ƙarya ba, domin wasu daga cikin takardun gwajin ma Kujau ne ya rubuta su. An auna jabu da jabu, ya fito daidai. Sai da hukumar adana takardun tarihi ta Jamus ta sa aka binciki kayan kansu: takardar na ɗauke da sinadarin hasken da bai shigo ba sai bayan yaƙi, zaren ɗinkin na zamani ne, abin da ke ciki kuma an kwafo da yawansa daga littafin jawaban Hitila na Max Domarus, har da kurakuransa. Haruffan da ke bangon ma FH ne maimakon AH. Ranar 6 ga Mayu 1983 aka bayyana cewa jabu ne, a 1985 kotu ta ɗaure Kujau da Heidemann fiye da shekara huɗu kowannensu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma kafin a kai ƙarshen wannan an yi asarar miliyoyi.

Irin wannan cuta tana cikin duniyar lambobi. Idan jabu ya samu shiga littafin da masu saye ke dogara da shi, sai ya zama ma'auni, a riƙa gwada wasu da shi. Shi ya sa masu bincike na ƙwarai ke kafa ma'auninsu a kan abin da ba ya jayayya: hoton zamanin yaƙi da ke nuna lambar a ƙirjin mai ita, kundin tallar kamfani na lokacin, takardar shaidar karramawa da ta dace da rajistar rundunar, ko kayan da ke gidan tarihi da rubutaccen bayanin ranar da suka shigo.

IDAN LABARIN YA ZO GIDA

Wannan awo yana aiki a kan labaranmu ma. Dubban 'yan Arewa sun shiga rundunar Afirka ta Yamma ta Birtaniya. A 1940 da 1941 sun yaƙi Italiyawa a Somaliya da Habasha, daga baya runduna ta 81 da ta 82 suka tafi Bama suka gwabza da Japanawa. Lambobin da suka dawo da su na Birtaniya ne, irin su Tauraron Afirka da Tauraron Bama. Don haka idan marubuci ya sa tsohon soja a littafinsa yana nuna Gicciyen Ƙarfen da ya ƙwace daga Bajamushe a dajin Bama, ya haɗa abin da bai haɗu ba. Amma idan tsohon sojan daga Nijar yake, cikin waɗanda Faransa ta kwasa daga ƙasashen da ta mallaka, labarin na iya tsayawa, domin sojojin Afirka na Faransa sun fuskanci Jamusawa gaba da gaba a 1940, har aka yi wa wasunsu kisan gilla bayan sun miƙa wuya, kamar yadda ya faru a Chasselay kusa da Lyon. Lamba ɗaya ce, amma a hannun wannan ta zauna, a hannun wancan ta tona asirin marubuci.

ABIN DA ZA MU ƊAUKA

Kullum a wayoyinmu ana turo mana hoton da aka ce na wani sarki ne a shekara kaza, ko wasiƙar da aka ce wani Bature ya rubuta, ko maganar da aka jingina wa wani magabaci. Da yawa sukan wuce daga Facebook su shiga maƙala, daga maƙala su shiga littafi, daga nan ɗalibi ya kafa hujja da su. Wanda ya fara bugawa ba tare da bincike ba shi ne ya mayar da jabu ma'auni.

Tambayoyin mai duba lamba su ne namu. Wa ya fara kawo wannan abu, kuma a hannun wa yake kafin shi? Kayan da ke cikinsa, tufafi ko mota ko kalma ko salon rubutu, sun wanzu a shekarar da ake faɗa? Da me muka gwada shi, kuma shi abin gwajin wa ya tabbatar da shi? Akwai wani abu guda da ya saɓa, wanda muke kawar da kai daga gare shi saboda labarin ya yi mana daɗi? Sunan babban mutum a ƙasan magana daidai yake da hatimin kamfani a jikin zobe, kowa na iya buga shi. Labarin da ya zo sumul, babu tabo babu giɓi, ya dace da duk abin da muke so mu ji, shi ya fi cancantar a juya bayansa a duba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wanda ya taɓa cin karo da hoto ko zance na tarihi da ya gano daga baya cewa jingina shi aka yi, ya kawo mana shi a nan tare da hanyar da ya bi ya gano, mu ƙaru da juna. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.